Lambun sassaƙa a jigawar Maraɗi: abin da damina ɗaya ta tona

Filin bai kai hekta guda ba. Yana bayan gari ta arewa, a kan jigawa, inda sababbin gine-gine suka fara cin gonakin hatsi. Masu sana'ar hannu uku ne suka haɗa kai suka saye shi: mai walda, magini da ya iya zanen bango, da ɗan gidan masassaƙa. Sun kafa rumfar aiki mai rufin kwano, mita 12 a kan 8, suka jera ayyukansu a fili don mai wucewa ya shigo ya kalla. Akwai na ƙarfe, na siminti, na jar ƙasa, na itace, da manyan tuluna da wata mai ginin tukwane ta gina musu. An yi su duka tsakanin Janairu da Mayu. Kafin a yanke hatsi, aikin ƙarfen da ya fi tsayi yana kwance, na siminti sun tsattsage, na ƙasa sun zaizaye daga gindi, gara kuma ta hau na itace har wuya.

Babu aiki ko ɗaya a cikinsu da hannun mai shi ya gaza. Tushen ɓarnar tunani ɗaya ne da suka shigo da shi: wai nan hamada ce, rana da ƙura ne abokan gaba, ruwa baƙo ne. Maraɗi ba haka take ba. Ruwan shekara yana kai wajen milimita 500, kusan dukansa yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ta fi kowane wata. Hadari daga gabas yake tasowa, iska mai ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma ruwan awa guda kan cika kwalbati ya haura titi. Garin da kansa ya hau tudu ne bayan ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari a kwari. Duk abin da za a tsayar a fili a nan, wata takwas na rani zai sha, amma wata huɗun damina ne za su yanke masa hukunci.

Allon ƙarfen da ya faɗi

Aikin allo ne na farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2, tsayi mita 3, faɗi mita ɗaya da rabi, an zana dagin Arewa a kansa da rodi. Fuskarsa tana kallon ƙofar shiga, ƙofar kuwa a gabas take. Ƙafafunsa biyu na bututu mai kusurwa huɗu an binne su kai tsaye cikin kankare mai faɗin santimita 60 a kan 60, zurfi 30.

Lissafin ba shi da wuya, kuma da an yi shi a takarda da ba a kai ga haka ba. Iskar gaban hadari da ke gudun kilomita 90 a awa tana tura abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da ƙarfin kusan kilo 50 a kowace murabba'in mita. Allon yana da murabba'in mita huɗu da rabi, turin ya zama kilo 225. Tsakiyar allon tana mita 1.8 daga ƙasan kankaren, idan aka ninka turin da wannan tsayi sai a samu kusan 400: wannan shi ne ƙarfin da ke son kifar da shi. Me ke riƙe shi? Kankaren kilo 260 ne, allon da firam ɗinsa kilo 120, jimla 380, kuma daga tsakiyar gindin zuwa bakinsa santimita 30 ne kawai. Idan aka ninka 380 da mita 0.3, an samu 114. Abin da ke turi ya ninka abin da ke riƙo fiye da sau uku. Yashin da ke kewaye da gindin ba abin dogaro ba ne: hunturu ya riga ya kwashe na gefen arewa maso gabas har gefen kankaren ya fito fili, ruwan farko kuma ya jiƙa sauran ya saki.

Da aka ɗaga shi, wani abu ya bayyana da faɗuwar ta ɓoye. Idan aka girgiza ƙafar, ana jin ruwa yana motsi a ciki. Waldar saman bututun tana da ƴan ƙofofi kamar bakin allura, ruwa ya shiga bai samu mafita ba. A daidai inda ƙarfe ya haɗu da kankare kuma akwai zoben tsatsa mai ɓarewa da farce, don saman kankaren a shimfiɗe yake daidai da ƙasa, ruwa yana kwanciya a wurin. Ko da iska ba ta kayar da shi bana ba, cikin ƴan shekaru ƙafar za ta rube a nan.

Ga yadda aka sake kafa shi. An haƙa rami mita 1.2 a kan 1.2, aka daɓe ƙasansa da burji, aka zuba kankare mai kaurin santimita 60, wanda 15 daga ciki suka fito saman ƙasa, aka ɗan karkata samansa don ruwa ya gangara. Gaurin shi ne wanda magina suka sani: buhun siminti guda na kilo 50, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa wankakkiya, bido ɗaya na ruwa mai lita 25. Buhu shida ya ci, nauyinsa ya haura tan biyu. A ciki an shimfiɗa ragar rodi mai lamba 10, tazarar santimita 20, aka dasa kusoshi huɗu masu zare na milimita 16, an lanƙwasa ƙarshensu kamar ƙugiya, zurfin santimita 40. Ƙafafun yanzu suna kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 da aka ɗaure da noti, ba cikin kankare ba, don a iya kwance aikin a kwantar da shi a yi masa fenti. An huda rami na milimita 8 a ƙasan kowane bututu. An yanke fuskar allon bisa layin dagin har kusan kashi ɗaya cikin uku ya zama ƙofofin iska, aka kuma juya shi ya ba gabas kafaɗa maimakon ƙirji. Da sabon gindin, ko iska ta kai kilomita 110 a awa, riƙon ya ninka turin kusan sau uku.

Abu biyu ƙanana da aka ƙara. Bayan an ɗaure notin an ɗiga musu walda, saboda masu sayen tsohon ƙarfe da kilo suke saye, kuma aikin da spana ke kwancewa cikin dare ba ya kwana. Sannan an haɗa allon da sandar jan ƙarfe da aka kafa mita biyu cikin ƙasa, don ƙarfe mai tsayin mita uku a fili fetal abin neman tsawa ne. Da hadari ya haɗo ana fitar da kowa daga lambun.

Fentin ma an sake shi daga tushe. Na farko an shafa shi ne da tsakar rana a kan ƙarfen da hannu ba ya iya taɓawa, ya bushe ta sama kafin ya kama, ga ƙura ta manne a ciki. Hanyar da ke ɗorewa: a gurje da injin gurza har farin ƙarfe ya fito, a goge maiƙo da tsumma da fetur, a shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu a ranar da aka gurje, a ba kowane shafi kwana guda, sannan fentin sama sau biyu. Da safe, a inuwa. Launi mai duhu yana ɗaukar zafi har ya ƙona hannun yaro a watan Afrilu, don haka duk abin da ke ƙasa da tsayin kafaɗa a ba shi launi mai haske.

Simintin da bai sha ruwa ba

Ayyukan siminti su ne suka fi cin kuɗi, su ne kuma suka fi ba da takaici, don daga nesa lafiyarsu ƙalau. Sai an matso ake ganin tsaga siriri sun bazu a jiki, wasu kuma suna zubar da jan ruwa daga ciki. Idan aka ƙwanƙwasa da bayan cokalin gini, wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara, wurin da ya rabu da ragar ciki yana amsawa a dushe. Da wannan aka bi kowane aiki ana zagaye wuraren da alli.

Laifi uku ne suka haɗu. Na farko yashi. An ɗebi na filin ne, tunda ga shi nan kyauta. Yashin jigawa laushi ne da shi, ƙwayarsa ƙanana kuma kusan girma ɗaya, yana neman ruwa da yawa kafin ya kwaɓu, ruwan da ya yi yawa kuma idan ya fita sai jikin ya tsuke ya tsage. Yashin gulbi ko na ƙorama mai kaushi ake so, a tankaɗe shi da rariya mai ƙofar milimita 2 zuwa 3. Gwajinsa a kwalba ake yi: a zuba yashi tsayin santimita 10, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. Idan kaurinta ya wuce milimita 6 zuwa 8, a wanke yashin ko a nemi wani.

Na biyu lokaci. An yi yaɓen a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska a bushe. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa a hankali, kuma idan rana ta janye ruwan a awannin farko wannan haɗuwar ta tsaya ke nan. Masu aikin sun yayyafa ruwa safe da yamma na kwana biyu suka bari, don bido-bido ake sayo ruwan a amalanke. Abin da ake bukata shi ne jikin ya zauna a jiƙe ba yankewa aƙalla kwana 7, gara ma 14: a lulluɓe da buhun algarara jiƙaƙƙe, a rufe da leda, a ɗaure ƙasan ledar don iska kada ta shiga. A haka ruwan da ake kashewa bai kai na yayyafi a fili ba. Ƙarfinsa na sosai sai kwana 28.

Na uku shi ne mai kisa. A wurare da yawa rodi yana kusa da fata, wani wajen ma ana ganin inuwar ragar waya. Ruwa ya bi tsaga ya isa ƙarfe, tsatsa kuma tana kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci, sai ta ture simintin daga ciki. Jan ruwan da ke zuba alamar hakan ce.

Tsarin da aka koma kai: ƙashin aiki da rodi mai lamba 8, a gitta da mai lamba 6 kowane santimita 15, a naɗe da ragar waya irin ta kejin kaji ninki biyu ko uku, a ɗaure tam har idan an danna da tafin hannu ba ta lotsawa. Gauri awo ɗaya na siminti, biyu da rabi na yashi, ruwa kaɗan, yadda idan an dunƙula a hannu zai tsaya bai ɗiga ba. Mutum ɗaya yana tura kwaɓin ta waje, wani yana tare shi da katako ta ciki, har ya cika ragar. Kaurin duka ya isa yadda rodi ba zai kusanci fata da ƙasa da santimita guda ba. Shafi na biyu ya biyo cikin kwana guda a kan fuskar da aka karce. Duk wani lungu da zai tara ruwa a cike shi ko a huda masa mafita, haka ma ƙasan aikin idan cikinsa rami ne.

Launi kuwa a cikin kwaɓin ya kamata ya shiga. Garin launi ja ko rawaya ko baƙi na magina, kilo biyu da rabi a buhun siminti, a gauraya a bushe kafin a sa ruwa. Wannan rana ba ta cinsa. Fentin mai da aka shafa wa wasu ayyukan sati guda bayan yaɓe ya saɓule kamar fatar maciji, don sabon siminti yana da kaifin da ke narkar da shi. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya nace sai fenti, ya jira wata guda ya sa na ruwa.

Ba duka aka ceto ba. Inda wurin da ya rabu bai wuce tafin hannu biyu ba, an fasa shi har bayan rodi, aka goge tsatsar da burushin waya, aka jiƙa, aka shafa kunun siminti, aka cike. Guda biyu da allin ya zagaye fiye da rabin jikinsu an farfasa su, ɓaraguzan suka shiga daɓen hanya. Facin irin waɗannan asarar siminti ce.

Ƙasa, itace da tuluna

Ginin jar ƙasa shi ne abin da ya fi dacewa da idon wurin, kuma magina sun daɗe da sanin sirrinsa, sai dai an yi watsi da shi don gaggawa. Ayyukan, wato ginshiƙai masu zankwaye da wani mai siffar rumbu, an ɗora su kan yashi tsirara. Ruwan da ke dukan ƙasa yana fallatsa sama har santimita 30, yana cin gindin kaɗan-kaɗan har ginin ya zama mai siririyar ƙafa da babban kai. Ɗaya daga cikinsu an yaɓe shi da siminti don kariya, shi ne ya fi lalacewa: siminti da ƙasa ba sa numfashi tare, ruwa ya shiga ta tsagar sama ya maƙale a tsakani, yaɓen ya ɓalle faifai-faifai ya tafi da naman ginin.

An sake su a kan dakalin dutsen marmara da siminti mai tsayin santimita 40, aka shimfiɗa leda mai kauri tsakanin dakali da tubalin farko don danshi kada ya hau. Ƙasar an kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, aka bar ta ta kwana uku zuwa huɗu ana tattakawa kafin a yi tubali. Yaɓen ƙarshe da makuba aka yi, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa har ruwan ya yi duhu, a kwaɓa jar ƙasa da shi, a shafa siriri sau biyu, a goge da dutse mai santsi. Ɗorawa ta yi ƙaranci a kewayen gari, sai an sa a nemo makubar daga kudu tun lokacin da ake fasa kalwa. Kan kowane ginshiƙi an kifa masa gasasshen kasko da bakinsa ya ɗan fito. Duk da haka aikin ƙasa a fili bashi ne na kowace shekara: sai an sabunta yaɓensa kafin ruwan farko. Wanda ba zai iya wannan ba ya haɗa ƙasar da siminti tun daga ciki, buhu guda a baro takwas na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, ya daɓe a akwatin katako, ya yarda launin zai ɗan dushe.

Na itace maganarsu gajera ce. An kafa su cikin ƙasa, an kuma baza karan hatsi a kewaye don riƙe yashi, wato an kira gara an ba ta abinci. Yanzu kowanne yana zaune kan sandar ƙarfe da ta ɗaga shi santimita 20 daga dakalin siminti, yadda hanyar gara za ta fito fili a gan ta a karya. Baƙin man mota da ake shafawa yana ɓata itace yana kuma gurɓata ƙasa, an daina. Kirya ce ta fi jure gara, shi ya sa ake turmi da ita, amma ta yi wuya kuma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Mataccen bedi da ya bushe sosai ya fi sauƙin samu. Tulunan kuwa ruwan sama bai yi musu komai ba. Gishirin ƙasa ne ya hau gindinsu ya yi fari yana marmashe su, sai sauro da ya samu gida a ciki. An ɗora su kan dutse, an huda ƙasansu.

Filin kansa

Kafin a kafa komai an share filin tas, an tone kututturen sabara da kalgo don wurin ya yi kyan gani. A yankin da sassaben zamani, wato barin kututture su sake toho a gona, ya samo asali tun farkon shekarun 1980, wannan abin mamaki ne. Waɗannan kututture su ne ke riƙe yashi, kuma manomin da ke maƙwabtaka da filin ya san haka. Da aka cire su, hunturu ya riƙa kwashe yashi daga gindin wani aiki yana tarawa a jikin wani, ruwan rufin rumfa kuma ya yanka kwari ta tsakiyar lambun.

Sauran kututturen da suka sake tohowa an bar su, ana zaɓar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a sassabe saura. An yi shingen aguwa a kewaye, yankakkun rassa na wajen rabin mita, tazarar taƙi guda, a dasa a ƙarshen rani kafin ruwa. Akuya ba ta damu da ita ba, amma ruwanta yana cutar ido, mai dasawa ya kiyaye. A gefen gabas da arewa an dasa layin bedi da bagaruwa. Shingen da iska ke ratsa rabinsa ya fi katanga amfani, yana rage ƙarfinta har nisan da ya ninka tsayinsa sau goma, katanga kuwa tara yashi take yi tana juya iska ta sauko da ƙarfi a bayanta. Kada a dasa bedi kusa da dakali ƙasa da mita biyar, saiwarsa tana ɗaga kankare. Gawo ɗaya da ya tsira a kusurwa shi ne wurin zaman baƙi da rani, tunda shi da rani yake ganye.

Ruwan rufin da ya yi ɓarna shi ne ya warware matsalar ban ruwan siminti. Rufi mai murabba'in mita 96, ruwan milimita 30 kawai ya zuba a kansa, lita 2,880 ke nan, fiye da tano 14 masu lita 200. An sa indararo a gefe biyu, aka gina tankin lita 5,000 da irin tsarin raga da siminti da aka bayyana a sama, da murfi, da wurin zubar da ruwan farko mai ƙura. Rarar tana gangarawa cikin ramuka masu siffar rabin wata da aka haƙa wa itatuwa. An toshe bangon rumfar na gabas gaba ɗaya, aka bar ƙofofin iska kudu da arewa, aka raba wurin walda da ma'ajiyar fenti da fetur da bango.

Maganar maƙwabta

Wani aiki ɗaya ba ruwa ne ya ɓata shi ba. Siffar mace ce mai daka, ta siminti, tsayin mutum, tana kusa da hanya. Yara sun fara jifarta, wata safiya aka tarar an fasa kan. Masu lambun ba su je wa mai unguwa da limamin unguwa da maganar abin da za su kafa ba, sai gani aka yi. Hukuncin siffar mai rai na malamai ne, ba na wannan rubutu ba. Abin da ya shafi mai lambu shi ne, a Maraɗi mutum-mutumi a bakin hanya magana ce da jama'a, kuma ba a fara ta da kafawa. Sun je sun gaida mai unguwa, suka gayyato dattawa suka zagaya da su. Aikin an mai da shi turmi da taɓare biyu a tsaye cikin iska, ba mai riƙe da su, kuma a ganinmu ya fi na da ƙarfi. Sauran ayyukan da suka biyo baya daga kayan gida da na gona suka ɗauki siffa: rumbu, tulu, galma, allo, zanen bangon soro.

A wannan zaman ne kuma ta fito cewa kusurwar arewa ta ɗan shiga burtali. Dokar karkara ta 1993 ta kare hanyoyin dabbobi, takardar sayen fili da shaidun unguwa kaɗai ba ta goge wannan. An kira kwamitin filaye ya nuna iyaka, aka ja shingen baya.

Kuɗin shiga daga ƙofa ba ya riƙe irin wannan wuri. Abin da ke biyan siminti da mai gadi shi ne aikin da lambun ke jawowa: ƙyauren gida, kujerun siminti, tukwanen furanni, zanen fuskar gida, sai masu ɗaukar hoton biki da ƴan makaranta. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya daɗe yana tafiya da masu sana'a suna aiki suna sayarwa a harabarsa, baƙo yana ganin hannu a kan aiki.

Jadawalin da suka koma bi ya juya na farko. Aikin siminti daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da iska ke da sauran danshi kuma tanki a cike yake. Fentin ƙarfe a Oktoba, kafin ƙura. Hunturu na walda ne da sassaƙa da yin tubali, idan kuma dole a taɓa siminti, a cikin rumfa a rufe. Afrilu da Mayu ba a kwaɓa siminti sam: yaɓen makuba da yamma, dashen aguwa, duba noti, zura waya cikin ramukan bututu, mai da yashin da hunturu ya kwashe daga gindi a daɓe da burji. Da damina a zagaya bayan kowane babban ruwa da alli a hannu.

Aikin siminti ɗaya ya rage da ba a yanke masa hukunci ba, mafi girma, mai tsaga ɗaya doguwa daga kafaɗa zuwa gindi wadda ba ta zubar da jan ruwa. Ba a san ko tsukewar farko ce da ta riga ta tsaya ba, ko gindin ne ke nutsewa ta gefe guda. An ɗana ƴan guntayen gilashi uku a gicciye a kan tsagar, an manne bakunansu da siminti, an rubuta kwanan wata a gefe. Idan suka wuce damina mai zuwa ba su fashe ba, a buɗe tsagar da injin gurza a cike. Idan suka fashe, sai a tona gefen gindin a zuba masa sabon kankare ta ƙasa, rabi-rabi, ana tokare aikin da gungume.